Yadda Uwar Ɗaki Ta Wanke Sunan Baba Direba

Kafin a buɗe ƙofar laburare ga jama'a, ita ta riga ta kama hanyar bene. Gwiwarta ta hagu ba ta shiri da matakala, ita kuma ba ta so a sani, don haka takan tsaya a tsakiya ta yi kamar tana karanta sanarwar da ke jikin bango, sanarwar da ta daɗe da haddacewa. Daga nan ta buɗe ɗakin kwamfuta, ta ɗage labule, ta bi tebur-tebur da tsumma tana goge madannai, tana tsince ledar alewa da murfin biro da masu karatun jiya suka bari. Sai ta kunna na'urorin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ke kusa da taga ba ta tashi sai an lallaɓa ta, an cire waya an mayar, kuma ita kaɗai ta san makamarta. In ta gama, ta zauna a kujerarta ta bakin ƙofa, tabarau rataye a wuya, ta jira mutane.

A takardar aiki ita ce mai kula da ɗakin kwamfuta, muƙamin da babu wanda ya taɓa yin kamun ƙafa don ya samu. Amma duk mai hawa benen nan Uwar Ɗaki yake ce mata, babba da yaro, har shugaban laburaren in ya sha'afa. Ita ke nuna wa tsohuwa yadda za ta ga hoton jikanta, ita ke raba gardama tsakanin wanda lokacinsa ya ƙare da mai jiran kujera. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ba za a buga hotonta a jarida ba, taron sallamar ma in an yi ba zai wuce lemo da biskit ba. Shi ya sa ya dace a faɗi abin da idanu suka gani tun tana ji da kunnenta.

Aikin da ba ya cikin takardarta shi ne na safiyar Asabar. Akwai babban kundin sanin nan na intanet, wanda ba ma'aikata ke rubuta shi ba, 'yan sa-kai ne daga ko'ina, kowa ya kawo ɗan abin da ya sani a tara. Ta daɗe tana rubutu a cikinsa, sai ta ga bai kamata ta ci ita kaɗai ba, ta liƙa takarda a ƙofa cewa duk mai son koyo ya zo. Ana cewa ƙofar kundin a buɗe take ga kowa. Gaskiya ne a buɗe take, sai dai dokin ƙofar ya kai ƙirji. Sabon shiga zai zauna ya zuba abin da ke kansa da zuciya ɗaya, kafin ya gama miƙa an share, an aiko masa da saƙo cike da sunayen dokoki a gutsure, ba sallama ba sannu da aiki. Ka ce ka san abu, a ce ina littafin da ya faɗa. Ka kawo littafi, a ce ba haka ake ambatarsa ba. Ka yi tambaya, a nuna maka wani shafi mai tsawon igiyar rijiya a ce ka karanta. Da yawa daga nan suke kama gabansu, ba a sake jin ɗuriyarsu.

Ta san zafin wannan, don haka ta yi wa ajinta tsari. Sabon zuwa ba ya fara da rubuta shafi. Sai ya yi makonni yana gyara ƙananan abubuwa, shekarar da aka sa ba daidai ba, jimlar da aka maimaita, har hannunsa ya faɗa. Ba ta taɓa madannan ɗalibi. Za ta tsaya a bayanka hannuwa a goye, kana laluben harafi ɗaya, ita tana cizon leɓe, amma ba za ta danna maka ba. In busasshen saƙon nan ya zo, sai ta sa tabarau ta karanta a zuci, sannan ta faɗe shi da bakin mutane.

"Cewa yake an gode da ƙoƙarinki, amma a nuna inda aka samo maganar."

"Yaya, ina 'an gode' ɗin? Ni ban gan shi ba," in ji Mai Ɗinki, wata ɗalibarta da ke da shago a bayan laburaren.

"Na'ura ce ta aiko, ba a koya mata gaisuwa ba. Ni na ara mata."

Ke ce mai ara wa na'ura ladabi, Uwar Ɗaki. Mutane nawa ne suka ture kujera za su tafi da fushi, kika zaunar da su da magana biyu? Ke kanki ba ki riƙe lissafin ba, kuma ba ki taɓa gorantawa ba.

Baba Direba 'yarsa ce ta kawo shi, kusan da jan hannu. Ya ƙarar da ƙarfinsa a kan manyan motocin kaya, har ranar da likitan ido ya ce masa ya isa haka. Tun daga nan ya zama ɗan zaman falo a gidan 'yar: ya kushe yadda mijinta ke ajiye mota, ya kushe yadda take rufe ƙofa, in ya rasa abokin gardama ya koma kan rediyo. 'Yar ta ja Uwar Ɗaki gefe ta ce, "Anti, don Allah ki samar masa abin yi, ko mene ne, kafin mu zare." Uwar Ɗaki ta ƙara masa girman haruffa har suka kai kan yatsa, ta tambaye shi me ya sani wanda ba ya so ya tafi da shi kabari. Bai yi dogon tunani ba ya ce birkin iska, irin na manyan motoci.

Da lokacin rubutu ya yi, ta tura shi ƙasa ya nemo littafin makanikanci. Ya ji haushi.

"Ni littafi zai koya wa birki? Wanda ya rubuta shi ya taɓa sauka gangara da kaya?"

"Na yarda ka fi shi sani, Baba. Amma mai karantawa a wata ƙasa bai san ka ba. Littafin zai iya dubawa, kai ba zai iya ba."

Ya sauka yana gunaguni, ya dawo da littafin a hammata. Da yatsa ɗaya ya rubuta shafin, wata da watanni. Ranar da shafin ya fito, duk baƙon da ya shiga gidan 'yarsa sai an buɗe masa a waya ya gani, har mai gyaran famfo bai tsira ba. Gidan ya samu lafiya, rediyo ma ta huta.

Sai dai ɗakin kwamfuta bai samu lafiya ba, don kujerar da ke kusa da tasa ta wani tsohon hedimasta ce. Baba Direba bai iya bayanin birki ba tare da ya yi wa direbobi nasiha ba. Yana cikin bayanin yadda iska ke taruwa a tanki sai ya sako, "Direba, ka ji tsoron Allah a gangara." Hedimasta ya cire, ya rubuta dalili: kundi ba wurin wa'azi ba ne. Direba ya mayar. Hedimasta ya sake cirewa. Da yake dokar laburare ta hana ɗaga murya, kuma Uwar Ɗaki ba ta wasa da ita, sai faɗan ya koma a rubuce, a shafin tattaunawa da ke bayan kowane shafi na kundin. Ga su kafaɗa da kafaɗa, kowa a kan kwamfutarsa, ba mai kallon wani, ba ka jin komai sai ƙarar madannai da huci. Wannan ya rubuta, "Wanda bai taɓa kwanciya ƙarƙashin mota ba ya ja bakinsa." Wancan ya amsa, "Wanda bai san bambancin bayani da huɗuba ba ya koma aji ɗaya." Ta yi sulhu ta gaji. Ba abin da ke sa mata ciwon kai kamar tsofaffin nan biyu, kuma in an tashi tare suke sauka, Hedimasta riƙe da gwiwar hannun Direba saboda matakala.

Ana haka 'yar Uwar Ɗaki ta haihu, sai uwar ta ɗauki hutu ta tafi wurinta. Asabar ɗin da ba ta nan, ajin ya taru kamar kullum, suka buɗe shafin birki suka tarar da jan akwati a samansa. Wani tsohon hannu a kundin ya ce shafin ya fi kama da littafin koyon tuƙi, madogararsa kuma littafi ɗaya ne tak, don haka a tattauna ko za a goge shi. Baba Direba ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Wanda ya fara miƙewa ba kowa ba ne, Hedimasta ne.

"Faɗanmu na cikin gida ne," in ji shi. "Bare ba zai zo ya rushe mana gini muna kallo ba."

Suka yi abin da kowa zai yi in an kira maƙwabcinsa gaban manya: a je a tsaya a bayansa. Hedimasta ya lalubo inda ake tattaunawar, ya tsara jimla ɗaya mai kyau yadda ya saba rubuta wa ɗalibai a allo: "A bar wannan shafi, domin yana da amfani ƙwarai ga al'umma." Sauran ba su san hanyar zuwa wurin ba, sai suka yi layi a kwamfutarsa. Kowa ya shiga da sunansa, ya kwafi jimlar, ya fita, na baya ya zauna. Su bakwai har da mai shafin. Suka sauka suna yi wa juna sannu, suna jin sun yi abin kai.

Can nesa, wani mai tsaron kundin, shi ma ɗan sa-kai, ya duba ya ga sunaye bakwai, duka daga layin intanet ɗaya, sun zo a jere, da jimla ɗaya har waƙafinta. A aikinsa ya saba ganin irin wannan: mutum ɗaya ya buɗe sunaye da yawa yana goya wa kansa baya. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ya toshe su duka, babu mai ikon rubuta ko harafi. Da yake shafin na Baba Direba ne, sai aka ɗauka shi ne mai sunayen, aka liƙa sanarwa a shafinsa na kansa, inda kowa zai iya gani, cewa mai wannan suna yana yaudarar jama'a da sunayen ƙarya.

Ranar da Uwar Ɗaki ta dawo, a matakala ta tarar da Hedimasta da Mai Ɗinki zaune kamar 'yan makarantar da suka fasa gilashi. Da ta ji labarin layin, dariya ce ta fara zo mata. Da ta buɗe ta ga sanarwar, dariyar ta koma ciki. Ta koya musu ambaton littafi, ta koya musu haƙuri da na'ura, amma bai taɓa zo mata a rai ta ce kada su yi wa juna kara ba. Wa zai yi tunanin hana mutum kara?

"Yaya, abin ai mai sauƙi ne," in ji Mai Ɗinki. "Mu buɗe sabbin sunaye a wayoyinmu mu ci gaba."

"Kul! An ce sunayen ƙarya gare ku, za ku ƙaro wasu? A yi gudun gara a faɗa gidan zago? Duk wanda ya buɗe sabon suna, ya tabbatar wa mutumin nan da zarginsa, kuma a kan Baba zai sauka."

Hedimasta ya zaro takarda daga aljihu. Ya riga ya rubuta martani mai zafi, wanda ya fara da tarihin aikinsa ya ƙare da tambayar ko mai tsaron yana da iyaye. Ta karanta har ƙarshe, don ba ta raina aikin kowa.

"Malam, rubutun ya yi kyau. Mayar da shi aljihu. Ina Baba?"

Suka dubi juna. Tun ranar da 'yarsa ta karanta masa sanarwar bai sake fitowa ba.

Da ta tashi aiki ta nufi gidan. 'Yar ce ta buɗe mata, ta rage murya ta ce abinci ma sai an yi da gaske yake taɓawa, kuma ya daina zuwa inda yake zama da tsofaffin abokan tuƙinsa, wai kada a nuna shi da baki. Ta tarar da shi a falo, ya ba taga baya, rediyo a kashe a kan cinyarsa. Suka gaisa, ya yi mata barka da jika.

"Baba, na zo a kan maganar nan."

"Wace magana ta rage, Uwar Ɗaki? Na yi shekaru a kan titi. An ce mini mai gudu, an ce mini mai taurin kai, duk na ji, wasu ma gaskiya ne. Amma an ba ni kayan mutane na kai, allura ba ta taɓa ɓata ba. Ba a taɓa ce mini maƙaryaci ba sai da tsufana. Kuma a rubuce, duk duniya ta karanta."

Ta sani sarai ba duk duniya ke leƙa shafin wani tsoho ba, da wuya in waɗanda suka gani sun cika falon nan. Amma ba ta faɗa ba, don mutumin da ya nuna wa mai gyaran famfo shafinsa ba za a ce masa yanzu ba kowa ke gani ba. Ta ji tausayinsa ƙwarai. Duk da haka ba ta zo don ta shafa masa mai a baki ba.

"Ƙarya ba ka yi ba, kuma ba zan huta ba sai an cire wannan. Amma layin nan da kuka yi, laifi ne a dokarsu. A can ba kawuna ake ƙirgawa ba, hujja ake aunawa. Ina so ka yarje mini in ce mun yi kuskure a nan."

"Mu aka zaga, mu ne da ba da haƙuri?"

"A kan abin da muka yi kawai. Wanda ba mu yi ba, ko sama da ƙasa za su haɗu ba za mu amsa ba."

Ya daɗe yana juya maɓallin rediyon da ba a kunna ba. Can ya ce, "Ki yi yadda kika ga ya dace. Amma ni benen nan na gama hawansa."

Washegari ta rubuta wa mai tsaron da nata sunan, wanda ya daɗe a kundin kuma ba a taɓa kama shi da komai ba. Ta yi sallama, ta yi masa sannu da aiki. Ta ce ɗakin karatu ne na jama'a, mutum bakwai ne sababbi, sun yi kuskuren taruwa a kan magana ɗaya kuma sun janye, amma ba mutum ɗaya ba ne. Amsa ta zo gajeriya: duk wanda aka kama haka yake faɗa. Mai Ɗinki ta ce a ɗauki hoton ajin a aika. Aka tambayi mai tsaron, ya ce hoto zai nuna fuskoki ne kawai, ba zai nuna yatsun da suka yi rubutun ba. Hedimasta ya sake laluben aljihunsa, ta harare shi ya fasa.

"Shi ma don Allah yake yi, Malam," in ji ta. "Maƙaryata nawa ya kama kafin ya iso kanmu? Mu ne za mu kawo masa abin da zai riƙe."

Ta faɗa dai, amma ita kanta ba ta san me za ta kawo ba. Ta yaya za ka nuna wa wanda bai taɓa ganinka ba cewa kai ba wani ba ne? Ga ranar ajiye aikinta na matsowa. Abin da ya fi damunta shi ne ta miƙa makulli ta tafi ta bar sanarwar nan a kan sunan tsohon da ita ta zaunar a gaban kwamfuta.

Asabar ta zagayo, ba wanda ya zo, tunda ba mai ikon rubutu. Ta zauna a bakin ƙofa tana kallon kujeru biyun nan a jere. Shirun da ta daɗe tana roƙo ga shi ya samu, sai ta ji ba ta son sa. Ta yi kewar hucin, ta yi kewar ƙarar madannan da ake bugawa da haushi. Tana cikin wannan kewar ta miƙe zumbur, har gwiwar ta yi ƙara. Ta buɗe shafin tattaunawar birki, ta karanta daga sama har ƙasa, tana dariya ita kaɗai a ɗaki. Sannan ta sake rubuta wa mai tsaron.

"Ba na roƙonka ka yarda da ni. Ka buɗe shafin tattaunawar birkin ka karanta daga farko. Biyu daga cikin waɗanda ka toshe sun yi watanni suna cacar baki a can, sau da yawa a lokaci guda, kowa a kan na'urarsa. Ka kuma duba abin da sauran ke rubutawa, wata keken ɗinki, wani tsuntsaye, wata cututtukan yara. In mutum ɗaya ne ya yi duk wannan, ni ma ina so a nuna mini shi."

Daga nan sai jira. Tsarin safiyarta ya canja, kafin ta taɓa tsumma sai ta duba ko amsa ta zo. Kwanaki suka wuce ba komai. Mai Ɗinki kan leƙo da allura a bakin mayafi ta ɗaga gira, Uwar Ɗaki ta girgiza kai. 'Yar Baba Direba ta daina kira, don ta gaji da jin "har yanzu". Wata safiya ta buɗe ta ga saƙo. Ta sa tabarau ta karanta.

"Na karanta faɗan. Na yi dariya har matata ta leƙo. Waɗannan ba mutum ɗaya ba ne. Na buɗe su duka, na cire sanarwar. A gaya wa mai shafin birki na yi kuskure a kansa, bai yaudari kowa ba, ya yafe mini. Shafin ba a goge ba, an mayar da shi wurin gyara har a ƙaro madogara. Nasihar kuwa dole ta fita."

Ta kifa goshi a kan tebur ta ce alhamdulillahi, ta sake faɗa, ta sake. Wani nauyi da ta kwana biyu tana hawa bene da shi ya sauka. Ta share ido da gefen mayafi, ta ɗauki waya ta kira 'yar. Ba ta ce ya zo ba. Ta ce kawai a gaya masa amsa ta zo, tana nan ta ajiye masa.

Asabar ɗin ajin ya cika tun da wuri. Sai aka ji takun nan mai nauyi a matakala, a hankali, da muryar 'yar tana cewa, "Baba, saura kaɗan." Ya shigo da rigar fitarsa, an goge ta kaf. Bai zauna ba.

"Karanta mini," in ji shi. "Da ƙarfi. Ɗakin nan ya ji."

A ɗakin da ta daɗe tana hana ɗaga murya, ranar ita ta ɗaga. Wannan karon ba ta ara wa saƙon komai ba, yadda yake ta karanta. Da ta zo "bai yaudari kowa ba", ya ɗaga hannu ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Da ta zo kan nasiha, Hedimasta ya yi tari ya kalli silin, kuma Allah kaɗai ya san yadda ya iya danne zuciyarsa.

"Waɗanda suka ga ta farkon," in ji Baba Direba, "za su ga wannan?"

"Ba duka ba, Baba."

Ya dubi 'yarsa, ya dubi mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya.

"To. Waɗanda suka san fuskata dai sun ji." Ya ja kujerarsa ya zauna, ya sauke wani dogon numfashi. "Ki ce masa na yafe. Malam, tashi ka sauka ka ɗauko mana wani littafin, ka fi ni ido."

'Yar ta juya ta fuskanci bango don kada a ga fuskarta. Da yamma ta aiko da saƙo cewa ya ci abinci har ya nemi ƙari, kuma ya fita wurin abokansa.

Uwar Ɗaki, mun gode. Ke ce kika hana fushi ya ɓata gaskiya, kika hana mai gaskiya bin ɓarauniyar hanya. Ba ki zagi wanda ya yi kuskure daga nesa ba, ba ki kuma rufe wa naki laifinsu ba. Ba a sa ki ba, ba a ƙara miki komai a kai ba, kika tsaya a kan sunan wani kamar naki. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa ki huta cikin jikoki, ya saka miki da abin da ya fi yabonmu.

Sauran magana ta waɗanda suka rage ce. Duk wanda ya iya rubutu a kundin nan, ya nemi mutum ɗaya ya zaunar kusa da shi, ya goye hannuwa ya yi haƙuri. Ku kuma tsofaffin hannu, masu tsaro da masu gyara, mun san kuna fama, kuma wanda ya dawo ya ce na yi kuskure shi ma ya cancanci sannu. Amma in sabon shiga ya yi ɓarna, ku tambaye shi tukuna kafin ku liƙa masa suna. Ba kowa ke da Uwar Ɗaki ba. Wani tsohon, da an ce masa maƙaryaci, zai rufe kwamfutar ne ya koma gida da kalmar, ya zauna da ita har ƙarshen ransa.